Ɗumniya a Cikin Toka

A da, idan damina ta juya baya, hatsi ya sunkuyar da kai, ba ka ganin yaro a garinmu da farin haƙori. Duk bakin da ka duba baƙi ne, leɓe da harshe har da gaban riga, saboda ɗumniya ta nuna. Yanzu kuwa ina zaune a Malbaza, gidan ɗana, ina kallon yara suna wucewa lakwal, wato makarantar boko, da haƙora fes, riguna fes. Idan ka tsayar da ɗaya ka tambaye shi daga ina ɗumniya take fitowa, in ma ya san ta, zai ce maka daga kasuwa. Abin da ya tayar mini da wannan zance ƙamshin toka ne. Ba kowace toka ba, wadda aka rufe ɗanyar ɗumniya a cikinta, wadda in ka buɗe take fitar da ƙamshi tsakanin na maɗi da na ƙasar da ta sha ruwan farko. Bana na sake shaƙar sa bayan shekaru masu yawa, kuma ina so in gaya maka yadda aka yi da inda ya kai ni.

Mutanen Kano ɗinya suke ce mata, mu kuwa ɗumniya muka tashi muka ji. Garinmu ƙarami ne, a cikin kwarin da ke gangarawa wajen Badaguishiri, kuma itaciyar da nake magana a kanta tana ƙarshen gonar kakanmu, daidai inda ƙorama ta yi kwana. Manya biyu ba sa haɗa hannu a gindinta. Inuwarta baƙa ce, mai sanyi, irin wadda in ka shigo daga rana sai idonka ya ɗan daɗe kafin ya ga abin da ke gabansa.

Ni ban tashi da son daji ba. Yaro ne ni mai tsoro, mai manne wa uwa, kullum ina gindin turmi ina jiran a miƙo mini gari. Mahaifina ya yi faɗa har ya gaji. Yayyena sun yi mini dariya, sun sa mini sunaye, duk bai sa na taka bayan danga ba. Wadda ta fitar da ni ita ce kakata, uwar mahaifina, tsohuwa ƴar ƙarama mai jan haƙori saboda fure da goro, wadda ba ta taɓa zaunar da ni ta ce daji yana da amfani ba.

Wata rana da hantsi ta kira ni daga ƙofar ɗakinta.

“Maigida, zo nan. Rufe ido, buɗe baki.”

Na yi yadda ta ce. Ta sa mini wani abu mai laushi a kan harshe, ya fashe, zaƙinsa ya cika mini baki, zaƙi mai nauyi da ɗan ɗaci a can ƙarshensa. Na tsotse ƙwallon har ya yi fari, na miƙa hannu.

“Babu,” in ji ta.

“To ina anka samo ta?”

“Ba a faɗa ma mai zaman gindin turmi.”

Ta juya ta ci gaba da kaɗa audugarta kamar ba ni a wurin. Na wuni ina zagaya ta. Washegari da safe na ga ta ɗauki ƙwarya da sanda, ta ƙulle wani abu a bakin zaninta, ta fita ta ƙofar baya. Ba ta kira ni ba, ba ta waiwayo ba. Sai da na girma na gane cewa tafiyar da ta yi ran nan ba tafiyarta ba ce, ta rage sauri daidai da ƙafar ƙaramin yaro.

A hanya ma ba ta koya mini komai da baki ba. Takan tsaya ne kawai ta zuba wa ƙasa ido, sai ni ma in zo in duba abin da ya tsayar da ita. Da haka na san sawun zabo, na san inda damo ya ja wutsiyarsa tsakanin ƙafafunsa, na san yadda na maciji ya bambanta da shi. Ƙarangiya ta kama ni na yi kuka, ta tsaya ta jira na cire da kaina. Da muka shiga inuwar itaciyar na ɗaga kai, na ga ƴaƴa kore shar masu ɗigon fari, na ciji ɗaya na tofar. Ta yi dariya har ta dafa sanda.

Wadda ta nuna a sama, ta ce, ta tsuntsu ce da jemage, su suka riga mu tashi. Tamu ita ce wadda muka kakkaɓo ɗanya. Ta sa na tona rami da hannuna a gefen da ƙasa take da laushi, ta kwance bakin zaninta, ashe tokar murhu ce. Muka shimfiɗa toka, muka zuba ɗumniya, muka ƙara toka, muka rufe da ganye da ƙasa. Ta ce in sa alamar da ni kaɗai zan gane. Na sa tsinken kara da dutse ja.

Nan dabarar take, kuma na yi shekaru ban gan ta ba. Yaron da ya binne abinsa a daji ba sai an aike shi ba. Da safe yana can yana dubawa ko ta yi laushi, da yamma yana can yana dubawa ko wani ya tone. Kowane yaro a garin yana da raminsa, kowa yana leƙen na wani, ana yin ramin ƙarya don a ɓatar da ɓarawo, ana dambe a kan dutsen da aka matsar. Kana cikin zirga-zirgar nan za ka san inda kurciya take sheƙa, da lokacin da magarya take ja, da warin hadarin da zai zubar da wanda zai wuce. Doka ɗaya kakata ta kafa mana: a sha a can, a tofar da ƙwallon ta wajen danshi. Kafin a gama girbin shekarar nan sai da mahaifiyata ta fara aika a nemo ni don in ci tuwo.

Daga baya hanya ta ɗauke ni. Na yi yaron mota, na zama direba, na kai kaya Kwatano da Lome da Kumasi, na hau har Agadas da abin da ke bayanta. Na iya Faransanci a bakin shingen jandarma, na iya Zabarmanci da Fulatanci a tasha, na tsinci Turanci da Yarbanci gwargwadon ciniki. Na ga itaciyar ɗumniya a ƙasashen kudu, wasu sun fi tamu tsawo, amma ban ga inda yara suke binne ta kamar mu ba, ko kuwa ban tsaya na duba ba. Abin da na fi lura da shi a tafiye-tafiyen nan shi ne yadda ake jan zuciyar mutum da magana. Na saurari masu tallar magani a cikin mota, waɗanda sai sun sa ka ji ciwon a jikinka kafin su fito da kwalba. Na saurari ƴan kamasho da masu wa'azi da mutanen rediyo. Harshe ya bambanta, hanyar ɗaya ce: a fara da tambaya, a tsorata ka, a tuna maka da abin da ka rasa, sannan a nuna maka ƙofa. Wata rana ina tuƙi na ji ana karanta wani rubutu da Faransanci a rediyo, a kan yaran da ba sa fita wasa, ba su san itace ba sai a hoto. Rubutun ya yi kyau. Na yi dariya ni kaɗai, na ce wannan ciwon Turawa ne.

Da ƙafa ta gaji na dawo na zauna wurin ɗana, sai na tarar da ciwon a gidanmu. Gida ne mai kyau, ban raina ba. Katanga doguwa, ƙofar ƙarfe, tsakar gida an dabe ta da siminti daga bango zuwa bango. Jikata, ɗiyar ɗan nawa, yarinya ce mai kaifin kai da kaifin baki. Da safe lakwal, da yamma makarantar allo, tsakani kuwa tele ko salular uwarta. Ta san zaki da giwa da wani kifi mai girman ɗaki, duk a tele. Na tambaye ta bambancin aduwa da magarya, ta ce ɗaya ta fi tsada.

Daraktan lakwal ɗinsu ɗan wani tsohon abokina ne. Ya ji ina ƙorafi, ya ce in zo in yi wa yara magana kafin hutun damina. Na shirya kamar mai lodin mota, kowane kaya da inda zai zauna. Na fara da tambaya: wa ya taɓa hawa itace a cikinku? Na jera musu yadda muke da yadda suke. Na tsorata su, na ce idanunsu za su mutu, ƙafafunsu za su zama kamar na ɗan tsako. Na sa su dariya da labarin ranar da zuma ta kore ni, na sa su kunya da cewa baƙo zai zo ya tambaye su sunan itacen garinsu su kasa. Na sauko da murya a inda ya kamata, na maimaita kalma ɗaya har ta zauna. Na yi da Hausa, na ƙara da Faransanci don mushe, wato malaminsu, ya ji daɗi. Yara suka tafa, darakta ya riƙe hannuna da hannu biyu.

A hanyar gida na tambayi jikata yadda ta gani.

“Ka iya, tsoho,” ta ce. “Kamar mai tallar maganin basir a tasha. Saura kwalba.”

Hutu ya zo ya wuce. Ban ji an ce yaro ɗaya ya fita bayan gari saboda maganata ba, ita ma ba ta fita ba. Na zauna ina tunani. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, amma na yi ta kwatanta musu zaƙin abin da ba su taɓa ɗanɗanawa ba, ina kuma zarginsu da rashin kewarsa.

Da damina ta zo ƙarshe na je cin kasuwar Badaguishiri, sai na ga wata mata da ɗanyar ɗumniya a ƙwarya, ta rufe da tsumma. Ta ce daga can kudu aka kawo, ƙetaren iyaka. Da na tsaya na tambayi kaina me ya sa sai daga can, da labarin nan ya sauya. Ban tambaya ba. Murna ta rufe ni, na karɓa na ƙulle a aljihun babbar riga.

A gida na rasa inda zan tona rami, ko'ina siminti. Na nemi toka, surukata ta ce da gas take girki. Sai da na je wurin wata tsohuwa mai tuyar masa a bakin titi na roƙi toka, ta dube ni sama da ƙasa.

“Alhaji, da girmanka? Wa za ka haɗa ma magani?”

“Amarya,” na ce mata, kuma ban yi ƙarya ba, domin da sunan nan nake kiran jikar tawa.

Na samu wata fasasshiyar tukunya a bayan ɗakin girki, na shimfiɗa toka, na zuba, na rufe, na ɗora dutse ja. Ina yi ina jin ido a bayana.

“Mi kake ɓoyewa, tsoho?”

“Ba naki ba na.”

“In kuɗɗin aurena na, ka fito da su, na gaji da jira.”

Na shige ɗaki. Washegari na ga sawun yatsu ƙanana a cikin tokar, an mayar da dutsen ba yadda na ajiye shi ba. Haka ya ci gaba. Tana dawowa daga lakwal, kafin ta ajiye jaka, sai bayan ɗakin girki. Uwarta ta fara tambaya ko lafiya, ta ga tele a kashe. Ni kuwa ina zaune a kan tabarma ina jan carbi.

Ranar da na taɓa na ji sun yi laushi, ƙamshin nan ya taso ya buge ni, na kira ta.

“Amarya, zo nan. Rufe ido, buɗe baki.”

“Allah shi kiyaye. Ka ba ni guba ka auro wata?”

Amma ta rufe, ta buɗe. Na ga fuskarta ta tsaya cik. Ta tsotsa a hankali, leɓenta ya yi baƙi, ta buɗe ido ta miƙo hannu kamar yadda na miƙa shekaru da yawa da suka wuce.

“Ƙara.”

“Babu.”

“Ƙarya ta, na ƙirga su. To ina take hitowa?”

“Ba a faɗa ma mai zaman gaban tele.”

Ta bi ni da naci har na kusa karaya. Ta yi fushi, ta ce ta sake ni, ta dawo ta kawo mini ruwan alwala ba tare da an sa ta ba. Abin da na yarda na faɗa mata kawai shi ne akwai wani wuri, kuma wanda ya je yana binne tasa. Surukata ta ƙi da farko. Ta ce, “Baba, daji yanzu ba shi na da ba, kana jin abin da ake faɗi.” Ban yi mata gardama ba, don tana da gaskiya, kuma na daina amincewa da jawabina. Yarinyar ce ta shawo kanta, ban san da wace irin magana ba. Aka amince mu je ranar Lahadi, mu dawo kafin rana ta faɗi.

Da za mu fita na ga ta riƙe wani ƙulli a tsohon kallabin uwarta. Da kanta ta je wurin mai masa ta roƙo toka.

Muka shiga motar kasuwa, muka sauka inda hanyarmu ta rabu da kwalta, kabu-kabu ya ƙarasa da mu. Ɗan ƙanena, wanda yake noma gonar yanzu, ya tarbe mu da murna, ya ce a dama fura. Na ce sai mun dawo, za mu gangara fadama. Na ga ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu. Ba na so a ambaci sunan itaciyar a gaban yarinyar, don kakata ba ta faɗa mini ba sai da na gani. Saboda riƙon asirin nan ban tambayi kowa komai ba, tun daga kasuwa har zuwa ƙofar gidanmu.

Na shiga gaba, na rage sauri, ban waiwaya ba. Ƙarangiya ta kama mata safa, ta zage ni da garinmu gaba ɗaya, na tsaya na jira ta cire. Can sai na ji shiru a bayana. Na juya, na gan ta durƙushe tana kallon ƙasa.

“Tsoho, wanga miciji na?”

“Duba gefe da gefe. Miciji na da ƙafa?”

Ta duba, ta ga ƴan sawun a kowane gefen layin, ta ɗago da fuska irin wadda ban taɓa gani a gaban tele ba. Na ce damo ne. Ta maimaita sunan. A wannan lokacin, wallahi, na ji kamar an mayar mini da kakata.

Sai muka zo inda ƙorama ta yi kwana. Inda ya kamata inuwa ta tare mu, sama ce a buɗe, fara fat. Na ɗauka na ɓata hanya, na dubi tudun da ke gabas, na ga shi ne. Ƙorama ta faɗaɗa ta cinye gaɓar, wurin da gindin yake ya zama rairayi. Daga nan zuwa can shingen ƙaya ne da fangalin irin albasa, injin ban ruwa yana ta ƙara.

Ɗan ƙanen nawa ashe ya biyo mu. Ya tsaya nesa kaɗan, ya cire hula yana juya ta a hannu. Ya ce ruwa ne ya yi ta zaizayar gaɓar shekara bayan shekara har saiwoyi suka fito fili, wata iskar farkon damina ta kwantar da ita. An daɗe. An sassaƙa turame, ƙyauren zauren da na shiga ɗazu ma daga jikinta ne. Ƙananan da suka tsiro ta wajen danshi awaki sun cinye wasu, sauran an share su da za a yi garka, wato lambu. Bai san wata a kwarin nan ba.

“Mun ɗauka ka sani, Baba.”

Ina zan sani? Nakan zo jana'iza da ɗaurin aure, in zauna a zaure, in koma.

Jikata ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi mini ba'a ba, wanda da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta matsa bakin gaɓar ta leƙa rairayin.

“Nan take?”

“Nan take.”

“Girmanta ya kai mi?”

Na buɗe baki. Harsuna nawa ne a cikinsa, amma abin da ya rage mini shi ne in koma kwatance, irin wanda na yi a lakwal aka tafa mini. Na buɗe hannuwana iyakar buɗewarsu, na ce ta fi haka. Ta gyaɗa kai don ta faranta mini. Sannan ta ɗaga ƙullin da ta riƙo tun daga Malbaza.

“To wagga fa, ina za ni kai ta?”

Ta jira kaɗan, sannan ta durƙusa ta kwance kallabin, ta zazzage tokar a bakin ƙorama, ta kakkaɓe shi, ta ninke don ta mayar wa uwarta. Muka koma muka sha furar. Da za mu fita ta tsaya ta shafa ƙyauren zauren da tafin hannunta.

Yanzu ta koma tele, kuma ban ga laifinta ba. Wani lokaci takan zo ta zauna a gefen tabarmata ta ce in ba ta labarin ramin ƙarya da damben da ake yi a kan dutse, tana saurare da kyau, tana dariya a inda ya dace. Labari ne a wurinta, kamar na kifin nan mai girman ɗaki. Dabarar kakata ba ta tsufa ba, ta yi aiki a kan jikata kamar yadda ta yi a kaina. Abin da ya ƙare shi ne wurin da ake kai yaro bayan ya biyo ka. Itaciyar ta faɗi, kuma babu wani yaro a zuriyarmu da zai sake binne ɗumniya a gindinta.